Shin zurfafa harsashi kaɗai ya isa ya tsare dogon bene daga girgizar ƙasa?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a fannin injiniyan gine-gine. A fahimtata, idan aka zurfafa harsashin dogon bene har ya taka dutse, aka kuma zuba masa rodi da kankare mai yawa, to an gama da maganar girgizar ƙasa. Amma na ji ana cewa tsarin harsashi yana sauya yadda benen kansa yake kaɗawa. Ta yaya abin da ke binne a ƙasa zai sauya motsin hawa na arba'in?

Amsa: Ƙanena, fahimtarka tana da rabin gaskiya, kuma ragowar rabin shi ne inda aikin yake. Harsashi mai ƙarfi wajibi ne, wannan babu gardama. Sai dai girgizar ƙasa ba nauyi ba ce da ake ɗora wa gini daga sama. Motsi ne da ke shigowa ta ƙasa, kuma ba shi da wata ƙofar shiga sai harsashi. Ƙasar wurin, harsashin da benen da ke kansa suna motsi ne tare, kowanne yana sauya halin ɗan'uwansa. Wanda ya lissafa bene shi kaɗai, kamar an kafe shi a kan abin da ba ya lanƙwasa, ya lissafa ginin da ba shi aka gina ba.

Mu fara da lokacin kaɗawa. Kowane gini yana da tsawon lokacin da yake ɗauka ya tafi gefe ɗaya ya dawo. Ƙiyasin da ake fara koya wa ɗalibai shi ne a raba yawan hawa da goma: bene mai hawa 10 wajen daƙiƙa 1, mai hawa 20 wajen daƙiƙa 2, mai hawa 50 daƙiƙa 4 zuwa 5. Ƙiyasi ne kawai, amma yana nuna hanya. Ita ma ƙasa mai laushi da ke kwance a kan dutse tana da nata lokacin, kuma ana samun sa ta hanyar ninka kaurinta sau huɗu a raba da gudun da igiyar girgiza ke yi a cikinta. A dutse mai kyau gudun yana wuce mita 760 a daƙiƙa, a laka mai laushi kuwa yana ƙasa da mita 180. Idan lokacin ƙasa da na gini suka zo ɗaya, abin da ke faruwa shi ne abin da ke faruwa da lilo: turi kaɗan ne, amma tunda yana zuwa daidai lokacin da lilon ya dawo, kowane zagaye sai ya fi na baya nisa.

Birnin Meziko ya koya wa duniya wannan darasi ranar 19 ga Satumba, 1985. Girgizar mai ƙarfin maki 8 ta taso ne daga gaɓar tekun Fasifik, fiye da kilomita 300 daga birnin. A unguwannin da ke kan dutse, na'urori sun auna motsin da bai wuce kashi 4 cikin 100 na ƙarfin jan ƙasa ba. A tsakiyar gari, inda da can tafki ne, motsin ya kai wajen kashi 17 cikin 100. Lakar wurin tana da kauri kusan mita 40, igiyar girgiza kuma tana tafiya a cikinta da kusan mita 80 a daƙiƙa. Yi lissafin da kanka: 40 sau 4, a raba da 80, ya ba da daƙiƙa 2. Benayen da suka fi shan wahala su ne masu hawa 6 zuwa 15. Wataƙila ka ce ai mai hawa 10 daƙiƙa 1 ne lokacinsa. Haka ne a takarda. Amma yana zaune a kan laka da ke lotsawa, sannan da zarar kankarensa ya fara tsagewa sai ya ƙara laushi, lokacinsa ya yi ta tsawo har ya shiga bakin daƙiƙa 2 ɗin nan. Ƙananan tsofaffin gidaje da yawa a unguwannin sun tsira, haka ma benen Torre Latinoamericana mai hawa 44, wanda lokacin kaɗawarsa ya zarce na lakar sosai.

Wannan bene ya cancanci a tsaya a kansa. An kammala shi a 1956, kuma Injiniya Leonardo Zeevaert ne ya jagoranci tsara harsashinsa. Ya haƙa rami mai zurfi ya gina akwatin kankare a ciki, ta yadda nauyin ƙasar da aka kwashe ya rage wani kaso na nauyin da benen zai ɗora wa lakar. A ƙarƙashin akwatin ya kafa turakan kankare 361 da suka ratsa lakar suka taka wani shimfiɗin yashi mai tauri a zurfin kusan mita 33. Benen ya ga girgizar 1957, ya ga ta 1985, ya ga ta 2017, yana nan tsaye. Abin lura shi ne turakan ba su kai dutse ba. Sanin halin ƙasar ne ya yi aiki: mutumin ya auna lakar, ya san yadda take motsi, ya tsara bene da harsashi su dace da ita.

Yanzu ga tambayarka kai tsaye, yadda harsashi ke sauya motsin hawa na arba'in. Hanya ta farko ita ce jirkicewa. Idan bene ya karkata hagu, gefen hagu na harsashi yana danna ƙasa, gefen dama yana neman ɗagowa. Babu ƙasar da ba ta lotsawa, don haka harsashin yana ɗan juyawa. Juyawar ƙanƙanuwa ce, amma tsayi yana ninka ta. A ce faɗin harsashi mita 40 ne, gefe ɗaya ya nutse santimita 2, ɗayan ya ɗago santimita 2. Wannan karkata ce ta ɗaya cikin dubu. A bene mai tsayin mita 200, ƙololuwarsa ta matsa santimita 20 ke nan tun kafin ginshiƙi ko ɗaya ya lanƙwasa. Ƙari a kan haka, nauyin benen da ya kauce daga tsakiya yana ƙara tura shi gefen da ya karkata, lamarin da ke tsananta a dogayen gine-gine.

Wannan laushi na ƙasa yana tsawaita lokacin kaɗawa. Shekaru da yawa ana ɗaukar hakan a matsayin alheri, domin a ƙasa mai tauri gini mai dogon lokaci yana karɓar ƙarfi kaɗan, kuma wani ɓangare na kuzarin girgizar yana komawa cikin ƙasa ya ɓace. Saboda haka masu zane da yawa suka riƙa yin watsi da shi, suna ganin kamar sun bar rara ne. A ganina wannan sakaci ne da aka yi wa ado da sunan taka-tsantsan. Na ɗaya, a ƙasa mai laushi tsawaita lokaci yana iya kai ginin daidai inda ƙasar ta fi ƙarfi, kamar yadda muka gani a Meziko. Na biyu, ko da ƙarfin ya ragu, nisan kaɗawar yana ƙaruwa, kuma nisan ne ke fasa gilasai, ya karya bututun ruwa, ya maƙale lifta, ya sa bene ya yi karo da maƙwabcinsa. Na uku, siririn dogon bene da motsin harsashinsa juyawa ne ba ya mayar da kuzari cikin ƙasa sosai kamar gajeren gini mai faɗi, don haka ribar da ake zato ba ta kai yadda ake tsammani.

Akwai wani abu da ya fi waɗannan ɓuya. Yawancin dogayen benaye na zamani suna da katangar kankare mai tauri a tsakiya, wadda ta kewaye lifta da matakala, sannan ginshiƙai a kewaye. A lissafin da aka kafe gindin gini, katangar ce ke ɗaukar kusan duk ƙarfin girgiza saboda ta fi komai tauri. A zahiri, idan harsashin da ke ƙarƙashinta ya ɗan juya, sai ta sauke wani kaso na aikinta a kan ginshiƙai da bim-bim (wato waɗanda ke kwance suna haɗa ginshiƙai) da ba a tsara su don shi ba. Jimillar ƙarfin na iya zama kusan yadda aka lissafa, amma ya bi ta hanyar da ba a shirya masa ba. Benayen da suka fi jin tasirin laushin ƙasa su ne irin waɗannan masu katanga mai tauri. Bene mai firam ɗin ƙarfe mai sauƙin lanƙwasa bai cika sauyawa da yawa ba, tunda shi kansa ya fi ƙasar laushi.

Ɗakunan ƙarƙashin ƙasa ma suna da nasu labarin. Harsashi mai faɗi da zurfi ba ya bin kowane ƙaramin motsi na ƙasa, yana tace gajerun igiyoyi, kuma motsi a zurfi yakan fi na saman ƙasa sauƙi. Wannan taimako ne, amma bai cika rage dogayen igiyoyin da ke damun dogon bene ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne dakin ɗin, wato shimfiɗin kankaren da ke raba hawa da hawa, wanda ke daidai da saman ƙasa. Katangar tsakiya tana sauka ta ratsa shi, shi kuma yana haɗe da katangun gefe da ƙasa ta tokare. Idan benen ya kaɗa, dakin ɗin nan yana riƙe katangar da ƙarfi, ƙarfin da ke ratsa ta a hawan da ke ƙasa da shi ya juya baya, wani lokaci har ya fi wanda ke sama yawa. Girman wannan ƙarfi ya dogara ne da taurin da ka ɗauka wa ƙasa da dakin ɗin, shi ya sa ƙwararru ke yin lissafin sau biyu, sau ɗaya da mafi laushin zato, sau ɗaya da mafi tauri, sannan su tsara don mafi munin sakamako.

Sai mu zo kan turaku, tunda su ne kake nufi da zurfafa harsashi. Turke yana ɗaukar nauyi ta hanya biyu: ko dai ƙarshensa ya taka abu mai tauri, ko kuma jikinsa ya riƙe ƙasar da ke kewaye da shi. Benen Taipei 101 da ke Taiwan, mai tsayin mita 508, yana zaune a kan turaku 380 masu kaurin mita 1.5, sun nutsa har wajen mita 80, ƙarshensu ya shige cikin dutse. Irin wannan yana hana nutsewa kuma yana rage juyawa ƙwarai. Amma kada ka ɗauka turke yana hana ƙasa mai laushi kaɗawa. Turke siriri ne idan aka kwatanta da tarin ƙasar da ke kewaye da shi. Idan ƙasar ta tafi gefe, tare suke tafiya. Motsin da ke isa gindin benen har yanzu na laka ne, ba na dutsen da ke can ƙasa ba. A nan ne fahimtarka ta fi buƙatar gyara.

Turke yana shan lanƙwasa daga wuri biyu: daga sama, inda nauyin bene ke tura kansa, da kuma daga ƙasar da ke motsi. Shi ya sa yake yawan karyewa a wuyansa, inda ya haɗu da faifan kankaren da ke kansa, da kuma inda ƙasa mai laushi ta haɗu da mai tauri. Waɗannan wurare suna buƙatar zobban rodi a matse, kuma rodin turke ya shige cikin faifan sosai, domin turakan gefe ana fizgar su sama a lokacin da bene ya karkata. Kankare ba ya jure fizga, rodi ne ke riƙewa. A ƙasar da ke nutsewa a hankali saboda yawan zuƙe ruwan ƙarƙashinta, kamar Meziko, akwai wata matsalar: ginin da turakansa suka taka abu mai tauri yana tsayawa, ƙasa ta sauka ta bar shi, wuyan turakan ya zama babu abin da ya tokare shi a gefe.

Mafi munin abin da ƙasa ke yi shi ne narkewa. Yashi sako-sako da ya ƙoshi da ruwa, idan aka girgiza shi, ƙwayoyinsa suna neman matsewa, ruwan da ke tsakaninsu bai samu hanyar fita da sauri ba, sai matsin ruwan ya tashi har ƙwayoyin su daina taɓa juna da ƙarfi. Na ɗan lokaci ƙasar ba ta iya ɗaukar komai. A Niigata ta Japan, ranar 16 ga Yuni, 1964, gidajen bene masu hawa 4 na unguwar Kawagishi sun kwanta a gefe, jikinsu kusan lafiya ƙalau. A Adapazarı ta Turkiyya, a girgizar 17 ga Agusta, 1999, benaye da dama da ke kan faifan kankare mara zurfi sun nutse ko sun karkata, kuma sirara masu tsayi sun fi masu faɗi kifewa. A Christchurch ta New Zealand, bayan girgizar 22 ga Fabrairu, 2011, an rushe benaye da ba su faɗi ba, wasunsu saboda sun karkata fiye da yadda gyara zai biya kuɗinsa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Niigata: da aka tono harsashin wasu gine-gine bayan kimanin shekara 20, an tarar da turakansu a karye, ƙasa ta ja su gefe fiye da mita ɗaya. Duk tsawon shekarun mutane suna shiga suna fita a kansu ba su sani ba.

Daga nan ne ƙa'idar da na fi riƙewa ta fito. A tsarin zamani ba a ƙoƙarin hana gini lalacewa gaba ɗaya a babbar girgiza. Ana zaɓar inda zai lalace ne, a wurin da zai lanƙwasa ba tare da ya karye ba, wanda ido zai gani, hannu ya kai. Harsashi ba ya cikin waɗannan wurare. Saboda haka ana tsara shi ya fi ƙarfin da benen zai iya sauke masa a zahiri, ba wanda lissafin farko ya nuna ba. Wannan yana da wani sakamako da ɗalibai ba sa zato: idan ka ƙara wa katanga rodi fiye da buƙata kana ganin kyautatawa ce, ka ƙara ƙarfin da za ta kai wa harsashi, ka mayar da raunin inda ba a gani.

Narkewar ƙasa ana magance ta da gyara ƙasar kanta, ba da turaku kaɗai ba: a matse yashin da injin girgiza, a dasa ginshiƙan tsakuwa da ke ba ruwa hanyar fita, ko a cakuɗa ƙasa da siminti a yi katangu masu siffar raga a ƙarƙashin ginin. A Kobe, a girgizar 17 ga Janairu, 1995, wani otal mai hawa 14 a bakin tashar jiragen ruwa da aka yi wa irin wannan raga ya tsaya lafiya, alhali katangun tashar da ke kewaye da shi sun zame cikin teku.

Za ka kuma ji maganar raba gini da ƙasa, wato a ɗora shi a kan matasai na roba da farantan ƙarfe masu dalma a tsakiya, dabarar da William Robinson ya ƙirƙira a New Zealand a shekarun 1970. Aikinta shi ne ta tsawaita lokacin kaɗawa zuwa daƙiƙa 3 ko 4, motsin ya taru a matasan maimakon jikin ginin. Ga asibiti ko gajeren gini mai tauri a kan ƙasa mai kyau, ban san abin da ya fi ta ba. Ga dogon bene ribar tana raguwa, domin lokacinsa dama mai tsawo ne, kuma matasan gefe suna fuskantar fizga, abin da roba ba ta so. An yi amfani da ita a zauren birnin Los Angeles mai hawa 32, kuma Japan ta gina dogayen benaye da yawa a kanta tun bayan 1995, amma tare da na'urorin shanye kuzari da lissafi mai zurfi. A kan laka mai kauri kuwa tana iya zama ƙarin matsala, tunda tana matsar da ginin kusa da lokacin lakar.

Nisa daga tushen girgiza ma ba kariya ba ce ga dogon bene. Gajerun igiyoyi suna mutuwa a hanya, dogaye suna tafiya ɗaruruwan kilomitoci, kuma kwari mai zurfi da ya cika da ƙasa mai laushi yana ƙara musu ƙarfi. A girgizar Japan ta 11 ga Maris, 2011, wani bene mai hawa 55 a bakin tekun Osaka, kusan kilomita 770 daga tushen, ya yi ta kaɗawa na wajen minti 10, samansa yana tafiya fiye da mita ɗaya kowane gefe, alhali mutanen da ke kan titi ba su ji wani abin tashin hankali ba. Lokacinsa da na ƙasar wurin duk suna wajen daƙiƙa 6 ne zuwa 7. Babu zurfin turken da zai sauya wannan. Maganin yana sama, a sauya taurin benen ko a sa masa na'urorin shanye kuzari, kuma hakan aka yi daga baya.

Idan wata rana aka miƙa maka zanen dogon bene ka duba, kada ka fara da yawan rodi. Nemi rahoton binciken ƙasa. Duba ko ramukan gwajin sun wuce ƙarshen turaku da nisa, ko an auna gudun igiyar girgiza a wurin ne ko an ƙiyasta shi daga wani gwaji, ina ruwan ƙarƙashin ƙasa yake tsayawa a lokacin da ya fi tasowa, kuma ko an gwada yashin don narkewa. Ma'aunin gudun igiyar girgiza a mita 30 na saman ƙasa da dokokin gini ke amfani da shi wajen rarraba ƙasa bai isa ga bene mai lokacin daƙiƙa 5 ba, domin abin da ke motsa shi yana iya kasancewa a zurfin ɗaruruwan mitoci. Sannan ka tambayi mai lissafin benen ko ya sa laushin harsashi a cikin kwamfutarsa, kuma daga wa ya karɓi alƙaluman. Sau da yawa injiniyan ƙasa yana ba da lamba ɗaya da ya tanada don nutsewar shekaru, injiniyan gini ya ɗauke ta ya yi lissafin girgizar daƙiƙoƙi da ita, alhali taurin ƙasa a motsi mai sauri daban ne, kuma yana raguwa yayin da girgizar ke ƙara ƙarfi. Su biyun dole su zauna tare tun kafin a yanke yawan hawa da wurin katangar tsakiya, su yi ta musayar alƙaluma har lissafin sama da na ƙasa su daidaita.